Turancin Tunau da Rijiyar Babansa

A ƙauyen Tsaunin Gawo, can inda hanya ke gangarawa rafi, akwai wani gida mai zaure ɗaya da mutum uku a ciki. Akwai Iya Marka, tsohuwa mai kaifin baki da taushin zuciya. Akwai surukarta Lantana, wadda Allah ya yi wa haƙurin da in an raba wa matan unguwa zai ishe su har a yi saura. Sai kuma maigidan, Tunau, ɗan Iya Marka tilo, wanda ta haifa bayan ta fid da rai da haihuwa. Shekarunsa talatin da biyar, ƙato ne, ga ƙarfi ga ladabi, kuma tunda yake bai yi wa kowa ƙarya ba. Matsalarsa ɗaya ce tak: yadda magana ta fito daga bakinka haka take shiga kansa, ba ya cire mata ko ɓawo. In ka ce ya sa ido a kan tukunya, to sai ka zo ka ɗago fuskarsa daga kan murfi. Ranar da Lantana ta ce ya ba ta hankalinsa za ta yi magana, tsayawa ya yi yana laluben kansa yana tambayarta ta ina ake cirowa.

Abin da gidan nan ke ci daga wuri ɗaya yake fitowa, wato lambun da mahaifin Tunau, marigayi Nomau, ya bari a gangaren rafi. Mangwaro goma sha biyu, gwaba, zogale, 'yan kunyoyin albasa da alayyafo, sai rijiya a tsakiya wadda tsohon ya haƙa da hannunsa ya ɗaure ta da dutse. Duk tsananin rani ba ta ƙafewa, kuma rabin garin daga nan suke sha.

Wata rana da tsakar rana sai ga wani ma'aikaci daga birni da takarda da biro. Kamfanin da zai yi sabon titi ne ya aiko shi ya rubuta filayen da ake aiki a cikinsu da waɗanda aka watsar, don titin ya bi ta cikin watsattsun. Ya tarar da Tunau tsaye a bakin lambu.

"Lambun wa ne wannan?"

"Na babana."

"Ina baban naka?"

"Ya rasu."

"To kai kana aiki a nan?"

Tunau ya dubi hannuwansa, babu fartanya, babu guga. Ya ce, "A'a, a tsaye nake."

"Akwai masu ɗibar ruwa a rijiyar can?"

Tunau ya waiga. Rana ta take, mata duk suna gida. Ya ce, "Babu kowa."

Ma'aikaci ya rubuta cewa mai wurin ya mutu kuma ba a amfani da shi, ya hau babur ɗinsa ya yi gaba. Bayan kwana goma aka wayi gari an jera turaku masu jan fenti ta tsakiyar lambun, ɗaya daga ciki a bakin rijiyar daidai. Iya Marka ta ɗora hannu a ka ta yi gidan Maigari. Maigari ya ce takarda ta riga ta tafi, babu mai iya sauya ta sai babbar injiniyar kamfanin, wadda za ta zo nan da mako shida, kuma ita ko "sannu" ba ta ji da Hausa. Tsohuwa ta dawo gida tana huci, ta nuna ɗanta da yatsa.

"Da bakinka ka ɓata, da bakinka za ka gyara! Tashi ka je ka ɗebo Turancin!"

Wata rana, wato washegarin wannan faɗa, sai ga Tunau a ƙofar gidan Malam Yahuza da buhu a kafaɗa. Shi Malam Yahuza tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, yana koyar da manya karatu a gindin darbejiya bayan la'asar, don kada Turancinsa ya yi tsatsa.

"Lafiya, Tunau, da buhu?"

"Iya ce ta ce in ɗebo Turanci. Ban san wanda zai ishe mu ba, shi ya sa na zo da babba."

Malam ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Amma da ya ji dalili dariyar ta tsaya, don shi ma ruwan rijiyar nan yake sha. Ya ce a ajiye buhu a zauna a benci.

To ajin ya riga ya yi nisa, kuma ranar nan an zo wani darasi da Malam yake ji da shi. Ya rubuta kalma ɗaya a allo, ya juyo.

"Bature yana da wata kalma, have. Asalin ma'anarta 'ina da'. I have a goat, ina da akuya. Amma in ya yi wani aiki, kuma alamar aikin tana nan har yanzu, sai ya ɗauko wannan kalmar ya sa a gaban aikin. I have eaten. Wato na ci, kuma ga ƙoshin nan tare da ni. In kuwa wani mutum ɗaya kake ba da labarinsa, sai ka ce has."

Sauran ɗalibai suka maimaita suka wuce. Tunau kuwa bakinsa a buɗe ya tsaya. Can ya ɗaga hannu.

"Malam, wato Bature abin da ya aikata ma mallakarsa ne, kamar akuya?"

Malam ya ajiye alli. Shekara talatin yana koyar da darasin nan, babu wanda ya yi masa wannan tambaya. Ya ce, "To, kusan haka ne."

"Ikon Allah!" in ji Tunau. "Mu mu yi abu ya wuce, su su yi su riƙe abinsu."

Ranar nan a hankali ya taka zuwa gida, tsikar jikinsa na tashi. Ya ga katangar da wani ya gina, ya ga gonar da wani ya share, ya riƙa tsayawa yana kallonsu kamar yau ya fara shigowa garin. Har ga Allah tsoron kalmar nan ya kama shi, kuma son ta ya kama shi.

Wata rana Malam ya ce gobe kowa ya zo da jimla ɗaya mai have, ta gaskiya, kuma ya jaddada cewa sai alamar aikin tana nan. Washegari da rana Tunau ya zauna ya narki tuwon dawa da miyar kuka. Lantana ta kawo ruwan wanke hannu, sai ya ɓoye hannun a bayansa.

"Maigida, miƙo hannun mana."

"A'a. Kada ki wanke min have."

Haka ya ratsa gari da hannu a ɗage, miya ta bushe har wuyan hannu, ga wata a gemu, ƙudaje na yi masa rakiya. Da aka zo kansa ya miƙe, ya nuna wa aji hannun ciki da baya, ya buɗe murya.

"I have eaten!"

"Mun gani, Tunau," in ji Malam yana kare hanci. "Har daddawar mun ji."

Aka kwashe da dariya, wani har da faɗowa daga benci. Amma fa Malam mutum ne mai adalci. Ya ce a duk ajin babu wanda jimlarsa ta kai ta Tunau daidai, sannan ya roƙe shi don Allah ya je ya yi wanka.

Wata rana Malam ya kawo wata doka. Ya ce in mutum ya ambaci lokacin da aka yi aiki, to have ta faɗi. Don ya zauna musu a kai sai ya ce, "Have da jiya ba sa haɗa hanya. Duk inda kuka ga jiya, ku ɗauke have ɗinku ku gudu." Da safe Lantana ta kawo ɗumamen tuwo yana tururi. Tunau ya kai hannu, sai ya tsaya.

"Na yaushe ne?"

"Na jiya mana. An taɓa ɗumamen yau?"

Kafin ta rufe baki ya tsallake tabarma ya yi waje da yunwarsa. To da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. A garin akwai wani Banufe mai gyaran keke, sunansa Jiya, ya fi shekara ashirin a cikinsu, mutumin kowa. Yana zaune a rumfarsa ya hango Tunau, ya ɗaga masa hannu.

"Tunau, ina kwana?"

Tunau ya toshe bakinsa da hannu biyu ya runtuma a guje, ya yi fatali da faifan tumatirin wata mata, ya faɗa lungu. Kwana uku ana haka, in Jiya ya ɓullo ta gabas Tunau ya ɓace ta yamma. Abin ya dami Jiya bawan Allah, ya sa rigarsa ta Juma'a ya zo gaishe da Iya Marka, ya tambaye ta laifin da ya yi wa ɗanta. Sai muryar Tunau ta fito daga ƙuryar ɗaki.

"Ba ka yi min komai ba, Malam Jiya! Have ce a bakina. In kun haɗu ban san wanda zai ji wa wani ciwo ba!"

Sai da aka kira Malam Yahuza ya zo ya rantse cewa wannan Jiyan daban ne, sannan Tunau ya fito suka gaisa. Iya Marka ba ta yi dariya ba. Ta ce mako biyu sun tafi, kuma turke yana nan a bakin rijiya.

Wata rana aka zo kan yadda ake tambayar mutum abin da ya gani a rayuwarsa. Malam ya ce kalmar ever ita ce "taɓa" a Hausa, kamar a ce wa mutum, ka taɓa ganin raƙumi? Yana cikin ba da aikin gida, ya ce, "Gobe kowa ya kawo min abu biyar da ya taɓa…" sai ladan ya kira magariba, kowa ya miƙe, bai ƙarasa ba. Tunau ya kwana yana tunani. A ganinsa harshe mai girma irin wannan ba za a kai masa taɓa ludayi da tabarma ba, sai manyan abubuwa. Da safe ya shiga fada ana zaman gaisuwa, ya durƙusa, ya miƙa hannu ya dafa rawanin Maigari, ya ce "ɗaya", ya fita, fadawa suka bi shi da kallo. Ya je wurin mai ƙosai ya dangwali gefen kasko, ya ce "biyu" da ƙara. Ya kama ƙahon bijimin san Sarkin Fawa, ya taɓa wutsiyar wani jaki mai harbi, Allah ya kiyaye. Daga nan ya ɗaga kai ya hango gidan rina a ƙarƙashin rumbu.

Da la'asar ya iso aji ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi suntum, yatsa ɗaure da tsumma.

"Subhanallahi! Tunau, wa ya yi maka haka?"

"Huɗu na samo, Malam. Na biyar ɗin shi ya riga ni, ya taɓa ni."

Da yamma Lantana tana shafa masa man shanu a ido, ta tambaye shi a hankali ko wannan Turancin nasa zai iya cire turke. Ya ce mata bai sani ba, amma kalmar da ke riƙe aikin mutum bai ga abin da zai gagare ta ba. Ta ci gaba da shafawa, tausayinsa ya cika ta.

Wata rana da safe Tunau ya haɗu da Malam a bakin masallaci, ya ce ya haɗa sabuwar jimla da kansa. Ya gyara tsayuwa ya ce, "I have gone to the market."

"Kash!" in ji Malam. "Ba ka faɗin wannan kana tsaye a gabana. Gone na wanda ya tafi ne bai dawo ba."

Tunau ya ce ya gane. Ranar kasuwar Maraba ce, tafiyar awa biyu a ƙasa. Ya kama hanya, ya isa, ya tsaya tsakanin masu gishiri da masu barkono, ya faɗi jimlarsa da ƙarfi. Daɗi ya kama shi, don yanzu ta zama gaskiya. Ya juya zai koma gida, sai ya tsaya cak. In ya koma, jimlar ta zama ƙarya, shi kuwa ba ya ƙarya. Sai ya nemi dutse ya zauna. Azahar ta yi, la'asar ta yi, 'yan kasuwa suka fara naɗe kaya. Mutanen Tsaunin Gawo suka ce ya taso su tafi, ya ce ba zai iya ba, ya riga ya yi gone. Su suka kai labari gida. Lantana ta yafa mayafi ta je ta sami Malam Yahuza, ta ce tunda shi ya kai mata miji kasuwa da baki, sai ya je ya dawo da shi. Tsoho ya hau keke yana haki har Maraba.

"Tunau, na kawo maka wata kalma. Been. Ita ta wanda ya je ne ya dawo."

"Malam, in na bi ka ba zan zama maƙaryaci ba?"

"Ko kaɗan. Ka ajiye gone a nan, ka ɗauki been mu tafi."

Tunau ya sunkuya ya ajiye wani abu da ba a gani a kan dutsen, ya miƙa hannu biyu ya karɓi wani daga Malam. Shi ya tuƙa keken, Malam a baya, duk hanya yana mamakin mutanen da suka tanadi kalmar tafiya daban, ta dawowa daban.

Da ya rage kwana uku injiniya ta zo, Malam ya zaunar da shi shi kaɗai, ya yi ta ƙoƙarin cusa masa doguwar jimla da za ta bayyana cewa shekara arba'in ana noma lambun nan. Ya koya masa sunan rijiya da na itace da na haƙa da na shuka. Kalmomin suka zauna, amma jimlar ta ƙi. Da an zo "shekara arba'in" sai Tunau ya ce shi talatin da biyar gare shi, ba zai yi shaidar biyar ɗin da bai gani ba. Malam ya gaji, ya jefar da alli.

"Shi ke nan. Ranar nan ni zan yi magana. Kai dai ka zauna."

Iya Marka da ta ji haka ta tafi lambu ita kaɗai, ta zauna a bakin rijiya kusa da turken nan. Ba ta yi faɗa ba wannan karon, kuka ta yi, don ta tuna shekarar da mijinta ke cikin ramin nan ita tana jan ƙasa da igiya. Tunau ya hango ta daga nesa, ya kasa ƙarasawa, don ya san bakinsa ne ya jawo.

Wata rana, ranar da ake jira, mota ta tsaya a ƙofar fada da hantsi. Injiniyar ta fito, wata mace 'yar gajera daga can kudu, da hular kwano da tulin takardu. Aka ba ta kujera. Ta ce ƙauyuka biyar ke jiranta kafin yamma, don haka ba za ta zaga ko'ina ba, sai dai filin da mai shi yake raye kuma yana da ƙorafi. Da aka zo kan lambun Nomau, Malam Yahuza ya miƙe ya zuba Turanci mai kyau, irin na da, har Maigari na gyaɗa kai ko da yake ba ya ji. Injiniya ta saurara da ladabi. Ta ce ta ji, amma duk garin da ta je haka ake gaya mata, kuma ga takarda ta nuna mai wurin ya mutu, ba a amfani da shi. Ta fara rufe fayil.

Tunau yana zaune, tunda zama aka ce ya yi. Bai ji abin da ta ce ba, amma ya ga fayil na rufuwa, ya ga fuskar Iya. Daga zaunen ya kwarara murya har sai da kaji suka watse.

"My father has dug the well! My father has planted the trees!"

Malam ya dafe kai, ya sunkuyo yana raɗa masa da zafi. "Kai, ka yi kuskure! Mamaci ba a ce masa has. Wanda ya rasu aikinsa ya rufe!"

Amma injiniya ta riga ta ɗago kai. Wannan has ɗin ta ji, ta ɗauka mai lambun yana raye, an yi kuskure a takarda. Ta tambaya ina yake. Kafin Malam ya buɗe baki ya gyara, Tunau ya tsinci kalmar tambayar, ya miƙe ya ce, "Come." Ya yi gaba abinsa. Ta duba agogo, ta yi tsaki, ta bi shi, don dokarta ce ta ce sai ta ga mai fili in yana raye. Maigari ya bi ta, Malam ya bi Maigari yana salati, gari ya bi su.

Hantsi ne, lokacin ɗibar ruwa. Suna gangarawa suka tarar da mata sun fi talatin a bakin rijiya, tuluna da bokitai a jere, guga uku na sauka suna hawa. Tsofaffi na zaune a inuwar mangwaro suna saƙar igiya, albasa ta yi kore shar. Injiniya ta tsaya, ta dubi takardarta, ta dubi wurin, ta sake duban takardar. Ta tambaya a karo na biyu, ina mutumin?

Tunau ya karɓi guga, ya zura, ya jawo, ya cika moɗa ya miƙa mata da hannu biyu. Ya nuna ruwan, ya nuna itatuwan, ya nuna duwatsun da aka ɗaure rijiyar da su.

Dole Malam ya faɗi gaskiya. Ya gaya mata tsohon ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa, ta yi haƙuri, ɗalibin nasa ne bai iya Turanci ba. Tunau ya ga yadda Malam ke sunkuyar da kai, ya gane haƙuri ake ba wa a kansa. Abin ya ba shi mamaki ƙwarai.

"Malam, ba kai ka ce in alamar aiki tana nan sai a ce has ba?"

"Ni na ce, amma…"

"To ga ruwa. Yanzu na jawo shi. Ga inuwa, a cikinta kake tsaye. Wanne ne ya rufe a ciki?"

Wallahi har ƙarar igiya a bakin dutse ta tsaya. Injiniya ta ce a fassara mata. Malam ya fassara, bai rage ko kalma ba. Matar nan ta dubi Tunau. Sannan ta kafa kai ta shanye moɗar, ta goge baki, ta taka zuwa turken da ke bakin rijiya. Ta kama shi da hannu biyu ta girgiza, ya ƙi, Tunau ya sa yatsa uku ya zare mata. Ta hango wani fako can gabas inda ko ciyawa ba ta fitowa, ta zana layi a takardarta, ta ce titi ta can zai bi. Kafin ta juya ta gaya wa Malam kada ya gyara wa mutumin nan jimlarsa, a bar masa ita yadda take.

Mata suka ɗauki guɗa. Iya Marka kuwa ba ta san abin da aka faɗa ba tun daga fada har nan. Ta ratso mutane ta tsaya gaban Malam.

"Malam, don Allah me yaron nan ya ce da Turancin?"

Malam ya cire tabarau. Shekara talatin yana koyar da kalmar nan, sai yau aka nuna masa zurfinta, kuma wanda ya nuna masa shi ne wanda gari ke yi wa dariya. Can ya ce, "Iya, cewa ya yi maigidanki bai gama aikinsa ba. Yana nan yana yi."

Tsohuwa ta dafa bakin rijiyar, ta zauna a hankali, hawaye na zuba, tana cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya jiƙansa. Tunau kuwa da ya ji abin da Malam ya ce, sai ya zabura ya naɗe hannun riga.

"Ashe bai gama ba? Kuma muka tsaya muna surutu, muka bar tsoho da aiki shi kaɗai!"

Ya ɗauki guga ya zura, ya cika tulun da ke kusa, ya ce a matso da na baya. Har rana ta take yana ja, kuma a cikin masu jira babu wanda ya yi dariya.